Wa Ya Aiko Maka? Yadda Ake Binciken Asalin Saƙon Imel Kafin Ya Iso Gare Ka

Duk mai adireshin imel ya san akwatunansa biyu ne: wanda saƙonni ke shigowa gaban idonsa, da wanda ake jibge tarkace a ciki. Abin da jama'a da yawa ba su sani ba shi ne yadda ake yanke hukuncin inda kowane saƙo zai faɗa. A shekarar 2023 kamfanin Google ya ce Gmail na tare saƙonnin banza kusan biliyan 15 a kowace rana. Babu wani ma'aikaci da ke zaune yana karanta su ɗaya bayan ɗaya. Tun kafin a dubi abin da saƙo ya ƙunsa, ana fara bincikar wanda ya turo shi: daga ina yake, shi ɗin ne kuwa, me aka sani game da halinsa, kuma akwai wanda ya tsaya masa?

Tushen matsalar tsoho ne. Ƙa'idar aika imel da ake kira SMTP, wadda Jon Postel ya tsara a 1982, an yi ta ne lokacin da akasarin masu intanet jami'o'i ne da cibiyoyin bincike, yawancinsu a Amurka, kuma kusan kowa ya san kowa. Saboda haka ba a tanadi hanyar tantance mai aikowa ba. Sunan da mutum ya ga dama shi zai rubuta a gurbin mai saƙo, ko na banki ne, ko na hukuma, ko na maƙwabcinka. Wannan gibin ne 'yan damfara ke shiga ta cikinsa har gobe.

Matakin farko da aka ɗauka shi ne buɗe baƙin littafi. A 1997 Paul Vixie da abokin aikinsa suka fara tara lambobin kwamfutocin da ke watsa tarkacen saƙonni, kuma a 1998 Steve Linford ya kafa ƙungiyar Spamhaus a Landan, wadda jerinta ke cikin waɗanda aka fi dogaro da su a duniya. Kowace uwar garke da ke aika imel tana da lambar IP. A ce saƙo ya taso daga lamba 192.0.2.5. Kwamfutar da za ta karɓa sai ta juya lambar baibai, ta zama 5.2.0.192, ta liƙa mata sunan jerin Spamhaus, ta aika tambaya. Idan amsa ta dawo cewa ba a san wannan lamba ba, saƙo ya tsallake shingen farko. Idan kuwa aka amsa da wata lamba irin 127.0.0.2, ma'anarta an taɓa kama ta da laifi, sai a mayar da saƙon ko a wurga shi cikin tarkace. Duk wannan ana gama shi kafin ƙiftawar ido.

Ta yaya lamba ke shiga baƙin littafi? Masu jerin suna ɗana tarko, wato adireshin da babu mai amfani da shi, kuma bai taɓa neman a turo masa komai ba. Duk wanda ya aika saƙo can ya tona kansa cewa tsintar adireshi yake yi ko saye. Akwai kuma kwamfutocin bayin Allah da ƙwayar cuta ta kama, suna ta watsa saƙonni masu su ba su sani ba.

Da tafiya ta yi nisa sai aka ga baƙi da fari kaɗai ba za su wadatar ba, aka koma ba da maki. Ana duba tsawon lokacin da mai aikowa ya yi yana aiki, yawan saƙonnin da yake turawa, nawa ne ke dawowa saboda adireshin ƙarya, da kuma mutum nawa ne ke kai ƙararsa. Tsarin Sender Score na ba da maki daga 0 zuwa 100. Sashen Talos na kamfanin Cisco kuwa yana kasa masu aikowa gida uku: mai kyau, tsaka-tsaki, da marar kyau. Sabon gida, wato sunan da ke bayan alamar @, da aka yi wa rajista jiya, yau kuma ya turo saƙo dubu ɗari, dole a yi masa kallon tuhuma.

Lamuni kuma wani abu ne daban. A kasuwar shanu, baƙon falke da ba a san shi ba yakan sauka wurin maigidan da kasuwa ta yarda da shi. Shi ne zai tsaya masa, idan kuma aka samu matsala shi za a kama. Haka wasu hukumomi masu zaman kansu ke yi wa kamfanonin da ke aika saƙo da yawa: su binciki yadda suke tara adireshi da yadda suke sallamar wanda ya ce ya gaji, sannan su sa su cikin farin littafi. A 2002 kamfanin IronPort ya fito da tsarin Bonded Sender, inda mai aikowa zai ajiye kuɗin jingina, a riƙa zaftare su idan ƙorafi ya yi yawa. A Jamus akwai Certified Senders Alliance tun 2004. Sai dai lamuni ma yana da iyaka. A 2006 AOL da Yahoo sun haɗa kai da kamfanin Goodmail don a riƙa biyan kuɗi kan kowane saƙo a ba shi hanya, jama'a suka yi ca a kansu cewa an mayar da akwatin mutane abin sayarwa. Goodmail ya rufe a 2011. A yau mai karɓar saƙo shi ke da ta cewa, kuma takardar lamuni ba ta wanke wanda mutane ke kuka da shi.

Duk wannan bincike ba shi da amfani idan wani zai iya aron sunan wani. Shi ya sa aka ƙirƙiro hanyoyi uku na tantancewa, kuma dukansu sun rataya ne a kan sashen adireshi da ke bayan alamar @, wato sunan gidan. Da SPF, gida ke bayyana kwamfutocin da ya yarda su aika saƙo da sunansa. DKIM hatimi ne na lissafi da ake buga wa saƙo, wanda ke lalacewa idan an taɓa abin da ke ciki a hanya. DMARC kuma umarni ne daga mai gida kan abin da za a yi da saƙon da ya faɗi jarrabawa: a bar shi, a killace shi, ko a ƙi karɓa. Daga Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka wajabta waɗannan uku a kan masu aika saƙo da yawa. A wurin Google, duk mai tura sama da 5,000 a rana ya shiga wannan sahu, kuma kada masu ƙorafi su kai kashi 0.3 cikin ɗari, wato mutum uku cikin dubu.

Kai ma za ka iya leƙa sakamakon. A manhajar Gmail ta waya, taɓa 'yar kibiyar da ke ƙarƙashin sunan mai aikowa, cikakken adireshinsa zai bayyana. Sau da yawa nan take asiri ke tonuwa: sunan banki ne a sama, amma adireshin na Gmail ne na kyauta. A kwamfuta kuwa, ɗigo ukun da ke gefen saƙo za su kai ka ga "Show original", inda za ka ga SPF da DKIM da DMARC, kowanne da sakamakonsa, ya ci ko ya faɗi. Idan ka ga alamar tambaya a gurbin hoton mai aikowa, Gmail ne ke shaida maka cewa bai iya tantance shi ba.

Amma a nan ake yin babban kuskure. Cin jarrabawa yana nuna cewa saƙon daga gidan da aka rubuta ya fito, ba ya nuna cewa mutanen gidan na kirki ne. Ɗan damfara kan yi rajistar suna mai kama da na gaske, ya sauya harafi ɗaya, ya sa 0 a madadin o, ya kuma kafa nasa SPF da DKIM tsaf. Wani lokaci ma akwatin abokin cinikinka na gaske aka yi wa kutse. Tsakanin 2013 da 2015 wani ɗan ƙasar Lituweniya, Evaldas Rimasauskas, ya yi rajistar kamfani da sunan Quanta Computer na Taiwan, ya riƙa tura takardun neman biya ta imel, har ya karɓe sama da dala miliyan 100 daga Google da Facebook. Kotun Amurka ta ɗaure shi shekara biyar a 2019. Idan masu ƙera matatar saƙonni sun faɗa, ai babu wanda ya isa ya saki jiki.

Don haka, saƙon da ya ce ka turo lambar BVN ko NIN, ko kalmar sirri, ko lambar da banki ya aiko maka ta waya, rabu da shi komai kyan hatiminsa. Wanda ya ce an canja asusun da za ka biya kuɗi, kira mutumin a lambar da ka riga ka sani kafin ka tura ko kwabo. Sanarwar ɗaukar aikin gwamnatin Najeriya da adireshinta bai ƙare da .gov.ng ba, je shafin hukumar da kanka ka tabbatar.

Ka kuma sani cewa makin da ake ba masu aikowa daga hannun irinka yake taruwa. Idan saƙon yaudara ya shigo, danna maɓallin kai ƙara maimakon gogewa kawai, domin gogewa kai kaɗai ta amfana, ƙara kuwa tana kare wasu. Idan jarida ko shagon da kai ka yi rajista da shi ne ya ishe ka, nemi wurin cire suna a ƙasan saƙon, kada ka shafa masa baƙin fenti. Ka riƙa leƙa akwatin tarkace lokaci zuwa lokaci, musamman in kana jiran takardar makaranta ko ta aiki, domin Gmail na share abin da ya kwana 30 a can. Masu makarantu, ƙungiyoyi da 'yan kasuwa da ke aika wa jama'a saƙo kuwa, su guji sayen jerin adireshi, su sa mai kula da shafinsu ya kafa musu hanyoyin tantancewa ukun nan, su kuma duba sunan gidansu a shafin Spamhaus ko MXToolbox. Dubawar kyauta ce, kuma ba ta cin minti biyar.