Fantasy: Wa za ka saya, wa za ka bari ya wuce?

Duk wanda ya bi ta unguwar Gobarau a birnin Katsina da safiyar Asabar zai ga samari a teburin mai shayi da bakin shagunan cajin waya, kowa kai a sunkuye, shayi na hucewa ba a kula shi ba. Ba hira da budurwa ake yi ba. Ƙarfe 11 ne ke matsowa, lokacin da manhajar Fantasy Premier League ke rufe ƙofa idan wasan farko na makon na ƙarfe 12:30 ne. Tambayar da ke yawo guda biyu ce: "Wa ka ba kyaftin?" da "In fidda wane in sa wane?"

Ga wanda bai san wasan ba, ga shi a taƙaice. Ana ba ka fam miliyan 100 na ƙarya, ka sayi 'yan wasan Firimiya 15: masu tsaron gida biyu, 'yan baya biyar, 'yan tsakiya biyar, 'yan gaba uku. Ba ka da damar ɗaukar fiye da mutum uku daga kulob ɗaya. Duk mako ka fitar da 11, abin da suka yi a fili na gaske shi ne makinka. Sama da mutum miliyan 10 ke bugawa a duniya, amma gaskiya ba su ne damuwar ɗan Gobarau ba. Damuwarsa ita ce ƙaramar gasar da suka buɗe su goma sha wani abu na majalisa ɗaya, inda wanda ya zo na ƙarshe ba ya iya buɗe gurup ɗin WhatsApp sai Talata.

Abin da ke jefa yawancinmu ƙasan teburin nan ba rashin sanin ƙwallo ba ne. Mun san ƙwallo, wani ma ya haddace sunayen 'yan benci na Brentford. Ciwon shi ne da zuciya muke saye. Ɗan Manchester United ba ya jin daɗi sai ya cika gurbi ukun nan da 'yan United, ko da kuwa kulob ɗin na cikin halin ni-'yasu. Ɗan Arsenal ya rantse ba zai taɓa sa ɗan Tottenham ba. Akwai 'yan United da suka ƙi sayen Mohamed Salah a kakar 2024/25 don kawai jar rigarsa ta Liverpool ce, suna ji suna gani ya ci ƙwallo 29, ya tara maki 344, adadin da ba wanda ya taɓa kaiwa kafinsa. Manhajar ba ta san kishin kulob ba, lissafi kawai ta sani.

Mu a Arewa muna da namu misalin da ya fi wannan zafi. A watan Yulin 2016 Leicester City, wadda ke riƙe da kofin Firimiya a lokacin, ta sayo Ahmed Musa daga CSKA Moscow. Namu ne, tsohon ɗan Kano Pillars, kowa na alfahari da shi. Sai kuma a farkon Agusta, a wasan share fage da Barcelona, ya zura ƙwallo biyu, ɗaya ma da irin gudun nan nasa da ke sa gidan kallo ya miƙe tsaye. To wa zai ƙi sa shi? Da aka shiga gasar ta gaske, ƙwallo biyu ya ci a duk kakar, yawancin lokaci daga benci yake tasowa. Wannan bai rage masa komai ba a matsayin ɗan wasa. Shi ne dai ya ci Iceland biyu a Gasar Kofin Duniya ta 2018. Amma a Fantasy, wanda ya riƙe shi don ƙauna ya biya kuɗin ƙaunar da maki.

Wasan share fage mayaudari ne, kuma yaudarar tana aiki ta kowane ɓangare. A ƙarshen Yulin 2022, a wasan Community Shield, Darwin Núñez ya shigo wa Liverpool ya ci ƙwallo, shi kuwa Erling Haaland ya ɓarar da wadda ko yaron unguwa zai ci. Ranar an sha dariya a Facebook. Wasa na biyu na gasar, Núñez ya sa wa Joachim Andersen na Crystal Palace kai, jan kati, dakatarwar wasa uku. Ya gama kakar da ƙwallo tara a Firimiya. Haaland, wanda farashinsa ya fara a miliyan 11.5, ya gama da 36. Sayen sabon zuwa tun bai buga wasan gaske biyu ko uku ba cinikin biri a sama ne. Wani lokaci birin yana saukowa, kamar Haaland, amma shi ya zo da tarihin cin ƙwallo a Dortmund, ya kuma shiga kulob ɗin da ke kai wa ɗan gaba ƙwallo har bakin raga.

To me za ka duba kafin ka saya? Abu na farko, kuma wanda ba ya burge kowa, shi ne minti. Shin koci yana farawa da shi duk mako? Wanda ya kai minti 60 yana da maki biyu tun bai yi komai ba, kuma ɗan baya ba ya samun maki huɗun nan na hana ƙwallo shiga raga sai ya kai minti 60 ɗin. Mafi muni shi ne ɗan wasan da ake sakowa a minti na 85. Da bai shigo ba gaba ɗaya, da manhajar ta ɗauko maka wani daga benci. Amma ya shigo, ya taɓa ƙwallo sau biyu, ya ba ka maki ɗaya, ya toshe wa wanda ke bencinka da maki takwas hanya. Pep Guardiola ya yi suna wajen irin wannan jujjuya 'yan wasa a City, har masu Fantasy na duniya suka mayar da abin zolaya. Duk kulob mai buga gasar Turai a tsakiyar mako, ka sa ido a kan 'yan gefensa. Gwanin da ba ya shiga fili, hotonsa kawai ka saya.

Daga nan sai ka tambayi aikinsa a kulob ɗin. Wa ke buga fenareti? Wa ke buga kwana? Cole Palmer ya fara kakar 2023/24 a miliyan 5, kuɗin ɗan cika benci. Ya koma Chelsea, aka damƙa masa fenareti, ya ci tara daga nan kawai, ya gama da ƙwallo 22, ya fi kowa maki a kakar. Sannan akwai ɗan ɓoyayyen riba a yadda manhajar ke rarraba 'yan wasa. Ƙwallon ɗan gaba maki huɗu ne, ta ɗan tsakiya biyar, ta ɗan baya shida. Saboda haka duk wanda aka rubuta a matsayin ɗan tsakiya alhali a gaba yake wasa, kamar Salah ko Bryan Mbeumo lokacin da ya ci wa Brentford 20 a kakar 2024/25, kowace ƙwallonsa da gyara take zuwa. Tsofaffin 'yan wasan nan har gobe suna tuna John Lundstram na Sheffield United a 2019/20: an rubuta shi ɗan baya a kan miliyan 4, ga shi kuwa a tsakiya yake wasa, yana cin ƙwallo yana kuma karɓar makin 'yan baya.

Irin waɗannan masu arha su ne ke cin gasar majalisa. Haaland kowa na da shi. In ya ci uku, ku duka kun tashi tare, ba wanda ya wuce wani. Bambancin yana wurin wanda ya riga kowa ganin Chris Wood na Nottingham Forest a 2024/25, ɗan gaba mai arha da ya ci 20, ko Ola Aina na wannan kulob ɗin, wanda golansu Matz Sels ya yi wasa 13 ba a zura masa ba. Ka lura, Aina ma namu ne. Ba a ce kar ka sayi ɗan Najeriya ba. In lissafi ya kawo shi, bismillah, daɗi biyu ke nan. Abin gudu shi ne fasfo ya zama shi ne dalilin.

Sai kuma tarkon bara. Odion Ighalo ya ci wa Watford ƙwallo 15 a kakar 2015/16, har ya zama gwarzon watan Disamba. Kakar da ta biyo, da farashinsa ya hau, ƙwallo ɗaya ya ci a gasar kafin ya tafi China a Janairun 2017. Salah da kansa bai tsira ba. Bayan makin nan 344, an sa masa miliyan 14.5 a kakar 2025/26, kusan kashi ɗaya cikin bakwai na duk jarinka. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa farkon Disamban 2025 Arne Slot ya fara wasa uku a jere ba da shi ba. Wanda ya riƙe shi don abin da ya yi masa bara, kamar ɗan kasuwar da ya ƙi sakin kayan da suka daina tafiya ne don ya taɓa cin ribarsu. A ganina wannan ya fi son kulob wahalar magani, domin mai shi yana ganin hujja gare shi.

Dokoki ma suna canzawa, kuma da yawa ba sa karantawa. A da, 'yan tsakiya masu tare hanya ba su da amfani a Fantasy. N'Golo Kanté ya zama gwarzon 'yan wasan Ingila a 2016/17 da Chelsea, amma ƙwallo ɗaya ya ci a gasar, don haka wanda ya saye shi asara ya yi. Daga kakar 2025/26 aka shigo da makin aikin tsaro: ɗan bayan da ya haɗa tarewa, ƙwacewa, katsewa da fitar da ƙwallo sau 10 a wasa ɗaya yana da maki biyu, ɗan tsakiya ko ɗan gaba kuma sai ya kai 12, amma shi ana haɗa masa da tsintar ƙwallon da ta kuɓuce. Ma'ana, ɗan bayan kulob ɗin da ake yawan matsa wa lamba, irin James Tarkowski na Everton, zai iya kawo maka wani abu ko da an ci su. Wanda har yanzu ke zaɓen 'yan baya da idon shekara biyar da suka wuce, yana barin kuɗi a ƙasa.

Masu ba da tarihin hasumiyar Gobarau suna cewa ban da kiran salla, an yi amfani da ita wajen hango maƙiya tun suna nesa. Ɗan unguwar bai kamata a ce bai duba jadawalin wasa biyar masu zuwa ba kafin ya yi ciniki. Mu ma muna da abin da muka riga Turawa sani: Gasar Kofin Afirka. Wadda aka yi a Maroko daga 21 ga Disamban 2025 zuwa 18 ga Janairun 2026 ta ɗauke wa Fulham Alex Iwobi da Calvin Bassey da Samuel Chukwueze a lokaci guda, ta ɗauke wa United Mbeumo da Amad Diallo. Antoine Semenyo kuwa ya zauna a Ingila saboda Ghana ba ta samu gurbi ba. Duk mai bin wasannin neman gurbi ya san wannan tun shekara guda kafin nan.

Wani abin da ke cinye maki shi ne zafin hannu. Canji ɗaya kyauta ake ba ka a mako, kuma tun 2024/25 kana iya tara su har biyar. Duk ƙarin canji, maki huɗu za a yanke. Daren Asabar, an fito daga gidan kallo rai a ɓace, shi ne lokacin da ake yin mafi munin ciniki: a sayar da wanda ya ɓarar, a sayi wanda ya ci biyu yau, a ci bashin maki takwas, ran Laraba kuma a ji sabon ya ji rauni a atisaye. Jira ka ji bayanin kociyoyi na Alhamis da Juma'a. E, farashi na iya hawa da 0.1 kafin nan, amma 0.1 bai kai maki huɗu ba. Shi kuwa kyaftin, tunda makinsa ninki biyu ne, ba wurin nuna bajinta ba ne. In kana gaba a tebur, ba wa wanda kowa ya ba. Kasada ta wanda aka bari a baya ce, shi ma sai kaka ta yi nisa.

Akwai maganar da ba a cika so a yi ba. Wasan kansa kyauta ne, ba a biyan ko sisi. Amma a wasu gurup-gurup ana haɗa kuɗi, kowa ya zuba, na ɗaya ya kwashe. Da zarar an kai nan, sunan abin ya canza, kuma duk ɗan Katsina ya san me malamai ke kiran kuɗin da aka zuba don wani ya cinye na saura. Ban da wannan ma, kuɗin yana ɓata wasan: mutum ya fara canje-canjen firgici, abota ta fara tsami a kan wanda bai biya nasa ba. Na ƙarshe ya sayi shayi da burodi na majalisa, ko a sa masa hoton da ba ya so a gurup na mako guda, wannan ya isa hukunci.

Sai agogo. Ƙofar tana rufewa minti 90 kafin wasan farko na mako, ba kafin wasan kulob ɗinka ba. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba lokacinmu ɗaya ne da na Ingila, amma da sun mayar da agogonsu baya, 11 na safe ta koma 12 na rana a Katsina. In akwai wasan daren Juma'a na ƙarfe takwas agogonsu, rufewar na faɗawa 6:30 na yamma a watannin farko, dab da magariba, ko 7:30 a lokacin sanyi, wajen isha'i. Mutum ya shiga masallaci da niyyar zai gyara in ya fito, ya fito ya tarar kyaftin ɗinsa mai rauni ne. Gama komai tun bayan la'asar, kafin caji ya mutu ko intanet ya fara jan ƙafa, kuma ka tabbata mataimakin kyaftin ɗinka wanda zai shiga fili ne.