Yadda garmaho mai sarrafa kansa yake gane faifai kafin ya sauke allura

Duk mai wayar salula ya san fuskarta na mutuwa da zarar ya kara ta a kunne. Wani ɗan ƙwai ne a saman wayar yake fitar da hasken da ido ba ya gani, sensa kuma ta karɓi abin da ya dawo daga kunci. Wannan dabarar ta girmi wayoyin da muke riƙewa da shekaru masu yawa, domin tun a 1972 kamfanin Bang & Olufsen na ƙasar Denmark ya saka irinta a garmahonsa mai suna Beogram 4000.

Garmahon yana da hannu biyu a jere. Ɗaya yana ɗauke da allura, ɗayan kuma fitila ce da sensa kawai. Idan aka danna maɓalli, hannayen sai su taho a hankali daga gefe, fitilar tana haska farantin da ke juyawa. An yi wa farantin layuka daga tsakiya zuwa baki, don haka muddin babu faifai a kai, hasken da ke dawowa yana ƙyaftawa ne. Da zarar ƙyaftawar ta tsaya, da'irar lantarkin da ke ciki ta san an iso bakin faifai. Daga inda hakan ya faru take gane girmansa: mai inci 12 ta ba shi juyi 33 da sulusi a minti, mai inci 7 ta ba shi 45. In kuwa babu faifai sam, allurar ba za ta sauka ba, kuma nan ne amfanin abin yake, domin kan allura ɗan ƙwayar lu'ulu'u ne a kan siririn tsinke, karo ɗaya da faranti ya isa ya lanƙwasa shi. Dabarar tana da rauninta: faifan roba mai garai-garai, irin wanda mawaƙan yanzu ke son bugawa, haske yakan ratsa shi ya ruɗa sensar.

Babban aikin da'irar dai shi ne riƙe saurin juyawa. Kunnen mutum ba ya yafe wannan. Sauri ya ɗan ƙaru, murya ta siranta. Ya ɗan ragu, ta yi kauri kamar mai mura. Tsofaffin garmaho da yawa suna da injin da ke bin bugun wutar gida kai tsaye, wadda ke kai-komo sau 50 a daƙiƙa a Najeriya da Nijar da Turai, sau 60 a Amurka. Kamfanin Matsushita na Japan, mai alamar Technics, ya bi wata hanya. A 1970 ya fitar da SP-10, wanda injinsa ke juya farantin kai tsaye ba tare da bel ba, sannan a 1979 ya fito da SL-1200MK2 mai ɗan dutsen kwaz irin na agogon hannu.

Dutsen kwaz yana karkarwa a kan ƙima guda da kusan ba ta canzawa, shi ne ma'auni. A ƙarƙashin farantin kuma akwai ɗan janareta da ke fitar da bugun lantarki gwargwadon saurin juyawa. Da'irar tana kwatanta bugun biyu babu ƙaƙƙautawa. Farantin ya yi jinkiri, ko da saboda jan da allura ke yi a wuri mai ƙarar kiɗa ne, sai ta ƙara wa injin wuta. Ya wuce, ta rage. Gyaran yana faruwa kafin kunne ya lura. Ɗigo-ɗigon da ke kewaye da bakin farantin Technics ba ado ba ne: ƙarƙashin fitila mai ƙyaftawa, idan saurin daidai yake, layinsu zai bayyana kamar a tsaye cak.

A 1979 ɗin nan Technics ya fitar da SL-10, wanda faɗinsa bai wuce kwalin babban faifai ba. Hannunsa ba ya lilo daga kusurwa, yana tafiya ne a miƙe kan sanda, kamar yadda injin yanka faifai yake yi a masana'anta. Ramin faifai yana ɗan jan allura zuwa ciki, hannun ya karkata da ƙanƙanin abu, wani ɗan marufi ya canza yawan hasken da ke faɗa wa sensa, sai ƙaramin inji ya matsa da hannun har ya daidaita.

Gane ƙarshen faifai ya fi sauƙi. Bayan waƙar ƙarshe ramin yana buɗewa, hannun ya zabura zuwa tsakiya. Da'irar ta ga wannan zaburar, ta datse sauti don kada sifika ta yi "ɗum", ta ɗaga hannun, ta mayar da shi mazauninsa, ta kashe injin. Garmaho masu araha na yau suna yin wannan ne da giya da ƙarafa, ba sensa ba, kuma suna aikinsu.

Ga mai shirin sayen na hannu, wannan bambanci kuɗi ne. Garmahon Amurka mai injin da ke bin bugun wuta, ko an sa masa abin rage ƙarfin wuta daga 230 zuwa 120, zai juya kusan 28 a minti maimakon 33 da sulusi, don abin ragewar ba ya taɓa yawan bugun. A kan janareta ma saurinsa zai riƙa hawa da sauka tare da injin. Mai kwaz bai damu da bugun wutar ba, ƙarfinta kawai za a daidaita masa. Kafin a biya, a karanta lambobin da ke bayan akwatin, a danna maɓalli babu faifai a ga ko hannun zai ƙi sauka, sannan a bar shi ya kai faifai ɗaya har ƙarshe.