Binciken nasaba ta hanyar takardu: hukuncinsa da inda ya kamata a tsaya

Dukkan yabo ya tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Neman sanin iyaye da kakanni halas ne, wani lokaci ma yakan zama wajibi, domin akwai hukunce-hukuncen da ba sa tsayuwa sai da shi, kamar sada zumunci, rabon gado, waliccin aure da sanin wadda ta haramta mutum ya aura. Sayyidina Abubakar (RA) ya shahara da sanin nasabar Ƙuraishawa. Sayyidina Umar (RA) kuma, da ya kafa diwani, ya sa an rubuta mutane ƙabila-ƙabila, aka fara da dangin Annabi (SAW). Abin da shari'a ta hana shi ne alfahari da asali, da sukar asalin wasu, da mutum ya jingina kansa ga wanda ba ubansa ba alhali yana sane. Wannan na ƙarshe yana cikin manyan zunubai.

Mai bincike ya fara da dattawan gidansu tun suna raye, musamman tsofaffin mata, don su ne suka fi riƙe labarin aure da shayarwa, shayarwa kuwa ba a cika rubuta ta ba alhali tana haramta aure. Sai takardun gida: bangon Alƙur'ani ko littafin da malamai kan rubuta haihuwa da rasuwa a kai, takardun gona da na rabon gado. Daga nan sai kundin kotunan alƙalai da gidajen adana tarihi, irin su National Archives da Arewa House a Kaduna, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Wanda danginsa suka yi gabas ya tuna cewa bayan yaƙin Burmi a 1903 jama'a da yawa sun zauna a Sudan, a garin Mai Wurno da kewayensa, wasu kuma mahajjatan ƙasa ne da ba su dawo ba.

Amma a yi hattara, dacewar suna ba hujja ba ce. Muhammadu ɗan Abubakar nawa ne a gari ɗaya? Wani kakan an san shi da Ɗanladi ko Tanko, takarda kuwa ta riƙe sunan yankansa. Wata kakar alkunya ta sa jikoki ba su taɓa jin sunanta na gaskiya ba. Takardun haraji maza suka fi ambata, 'yan boko na farko kuma da yawa sunan garinsu aka liƙa musu maimakon na uba. Saboda haka ba a haɗa suna da suna sai wuri da zamani da shaidar mutane sun dace.

Malamai sun haɗu a kan nasabar Annabi (SAW) zuwa Adnan, daga nan suka ce akwai saɓani, ba su cike gurbin da zato ba. Idan haka aka yi da mafi ɗaukakar nasaba, wanda hujjarsa ta ƙare a kaka na huɗu ya tsaya a nan, kada sha'awar sharifta ko sarauta ta ja shi.

Sannan nasabar da ta tabbata ta hanyar aure, ko iƙirari, ko shaida, ko shahara a tsakanin jama'a, ba a rushe ta da wata tsohuwar takarda. In takardar ta shafi haƙƙi, kamar magajin da aka manta, a kai ta gaban alƙali. In kuwa aibin wani mamaci ta tona, wanda babu hukuncin da ya rataya a kansa, a suturta shi, kada a watsa shi a dandalin dangi na WhatsApp.

Allah ne Mafi sani.