Iyayen tagwaye, a karanta takarda kafin a sa hannu

Masu binciken lafiya suna son tagwaye, kuma suna da dalili. Hassan da Hussainin da suka fito daga ƙwai ɗaya kusan duk ƙwayoyin gadonsu iri ɗaya ne, don haka in hawan jini ya kama ɗaya ya bar ɗaya, sai a koma kan abinci, sana'a da wurin zama. Ko a nan Abuja an taɓa yin irin wannan aiki: rajistar tagwayen Najeriya, wadda Yoon-Mi Hur ta Koriya ta Kudu ta jagoranta, ta ɗebi ɗalibai daga makarantun gwamnati na Abuja da Legas.

Sai dai bincike ba ya tsayawa a tambayoyin rana ɗaya. A Denmark, inda rajistar tagwaye ta fara tun 1954, kowa yana da lambar ɗan ƙasa tun 1968, kuma da ita ake haɗa bayanan tagwaye da na asibiti da na mace-mace, a bi mutum har tsufansa. Ilimi mai amfani ya fito daga nan, ba a musu. Mu ma yanzu muna da NIN mai lamba 11, ga ta a layin waya, ga ta a fasfo da JAMB. Ranar da fayil ɗin kwalin nan na asibiti ya koma kwamfuta, haɗawar ba za ta yi wuya ba.

To, in yaro ya kawo takarda daga makaranta, a tambaya: amsa tambayoyi kawai aka yarda da shi, ko har da leƙa katin asibitinsa bayan shekaru? Wa zai riƙe bayanan, a wace ƙasa? Wane kwamitin ɗa'a ne ya ba da izini? Akwai kuma abin da ya keɓanci tagwaye, wanda kan wuce wa mutane: in daga ƙwai ɗaya suka fito, Hassana ta ba da yawunta don gwajin gado, ta tona asirin jikin Hussaina, ko da ita ba ta ce uffan ba. A nemi yardar kowacce daban.

Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya da na gado cikin masu buƙatar kulawa ta musamman, ta ce yaro sai da yardar iyaye ko mariƙinsa, kuma wanda ya yarda yana iya janyewa. Duk wanda ya zo neman NIN ɗin tagwayenku da sunan tallafi, ba takarda ba ofis, kada a ba shi. Ana kai ƙorafi ga Hukumar Kare Bayanai ta Najeriya, NDPC, nan Abuja.