Wa Ya Sa Mac Ta Manta Kalmar Sirri?

A watan Disamba na 2016, masu haɗa manhaja da ke aiki da kwamfutar Mac suka wayi gari da wata matsala. Sun sabunta macOS Sierra zuwa 10.12.2, sai SSH, hanyar da suke bi su shiga sabar da ke nesa, ta fara tambayarsu kalmar sirrin makullinsu. Ka tura aiki GitHub, ta tambaya. Ka sake turawa bayan minti biyar, ta sake tambaya. Alhali wasunsu sun shekara da shekaru ba su rubuta kalmar ba, har ta kwanta musu.

Zargi na farko ya faɗa kan makullin, ko ya lalace. Amma da zarar an rubuta kalmar daidai ƙofa na buɗewa, ashe lafiyarsa ƙalau. Sai aka koma kan sabar. Ita ma ba ruwanta, domin kalmar ba ta barin kwamfutarka sam. Aikinta kawai ta warware fayil ɗin makullin da ke cikin ~/.ssh.

Saura wakili, wato ssh-agent, wanda ke riƙe makulli a buɗe cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta, yana sa hannu a madadinka. Aka tambaye shi da ssh-add -l, ya ce hannunsa babu komai. Wannan ba sabon abu ba ne, kullum aka kashe kwamfuta wakilin kan tashi fanko. To, a da wa ke cika masa hannu?

Nan gizo ke saƙar. Apple ta daɗe da yi wa OpenSSH ɗinta, wato manhajar SSH da ke cikin Mac, kwaskwarima: tana ajiye kalmar a Keychain, ma'ajiyar sirrin Mac, kuma tana loda wa wakili makullan ba tare da kowa ya nema ba. A Sierra ta daina lodin, don ta bi sahun ainihin OpenSSH. Ta kuma kawo zaɓin UseKeychain, wanda da farko ya zo a kunne, shi ya ɓoye rabin canjin. A 10.12.2 aka kashe shi, Apple ta ce dama ba da niyya aka bar shi a kunne ba.

Gyaran bai fi layi biyu ba a ~/.ssh/config. UseKeychain yes ya sa a adana kalmar, a kuma ɗauko ta daga Keychain. AddKeysToAgent yes, wanda ya shigo OpenSSH 7.2 a farkon shekarar, ya sa a miƙa wa wakili makullin tun amfanin farko.

Wasu kuwa gajeriyar hanya suka bi, suka cire kalmar ɗungurungum da ssh-keygen -p. A ganina ganganci ne, domin duk wanda ya kwafi fayil ɗin ya samu shiga. Mai aiki a kwamfutar da ake karɓa-karɓa gara ya yi amfani da ssh-add -t 3600, bayan awa ɗaya wakilin ya saki makullin da kansa.