Itatuwa a Kewayen Rumbun Ajiyar Mai: Abin da Ya Kamata Mu Sa wa Ido

'Yan'uwa, da yawa daga cikin ƙauyukanmu suna maƙwabtaka da wurin da ake ajiye man fetur, kananzir ko man dizal. Bayan matatar mai ta Kaduna da aka buɗe a 1980, an gina manyan rumbunan ajiyar mai a garuruwa kamar Jos, Gombe, Yola, Minna, Suleja, Kano, Gusau da Maiduguri. Ban da waɗannan, akwai ƙananan rumbuna na 'yan kasuwa, da gidajen mai, da filayen da motocin dakon mai suke kwana. Sau da yawa gonakinmu ne suka koma irin waɗannan wurare, rijiyoyinmu kuma suna nan kusa.

A wannan fitowa za mu duba itatuwa da ciyayin da ke kewaye da irin wannan wuri. Wani zai ce ado ne kawai. Amma itacen da yake inda ya dace yana kare gari, wanda yake inda bai dace ba yana ƙara haɗari, wanda kuma ya fara mutuwa ba dalili yana iya zama gargaɗi na farko cewa mai ya shiga ƙasa.

Amfanin itatuwa a wurin

• Suna tare ƙurar da manyan motoci suke tayarwa, musamman lokacin hunturu.
• Saiwoyinsu suna riƙe ƙasa, don kada ruwan sama ya yi zaizaya ya tone bututu ko gindin katanga.
• Suna rage gudun ruwan da ke gangarowa daga daɓen siminti zuwa gonaki da rafi.
• Suna zama iyaka tsakanin rumbun da gidaje, don kada a riƙa matsowa da gini har jikin katanga.
• Tsofaffin itatuwa kamar ɗorawa, kaɗanya, tsamiya da kuka suna ba mu kalwa, man kaɗe da miya. Idan an sare su, za a yi shekaru da yawa kafin a sami madadinsu.

Inda itace yake zama haɗari

Tururin man fetur ya fi iska nauyi. Ba ya tashi sama kamar hayaƙi, yana bin ƙasa ne yana taruwa a kwari, da magudanar ruwa, da cikin duhuwa. Ƙyastu ɗaya ya isa ya kunna shi.

A ranar Lahadi 11 ga Disamba 2005, a rumbun mai na Buncefield da ke arewa da birnin Landan a Ingila, na'urar auna cikar wani tanki ta maƙale, na'urar da ya kamata ta tsai da mai ita ma ba ta yi aiki ba. Fetur ya yi ta ambaliya ta saman tankin, tururinsa ya bazu har ya wuce katanga. Da ya kama wuta, fashewar ta yi ƙarfi fiye da yadda masana suka zata. Fiye da mutum 40 suka ji rauni, wutar ta ci tankuna fiye da 20, ta kuma yi kwanaki tana ci. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa itatuwa masu cunkoso da sarƙaƙiyar da ke gefen hanyoyin wurin sun ƙara wa harshen wutar gudu. Mai da ruwan kashe gobara kuma sun sulale ta katangun da aka yi don tare su, suka gurɓata ruwan ƙarƙashin ƙasa.

Darasin ya shafe mu. Kusa da tankuna, ya kamata fili ya zama fetal: tsakuwa ko gajeriyar ciyawa, ba duhuwa, ba busasshen ganye. A cikin katangar da ke kewaye tanki don tare mai idan ya zube, bai kamata a bar ko da ƙaramin itace ya tsiro ba, gama saiwa tana fasa siminti. Haka kuma ba a dasa itace a kan layin bututu. Wurin itatuwa shi ne can waje, a bakin iyaka, da tazara tsakaninsu don iska ta riƙa wucewa.

Kare tsofaffin itatuwa lokacin gini

Yawancin itatuwan da ake cewa “an bari” a wurin gini ba gatari ne yake kashe su ba. Saiwarsu ce take lalacewa, sai su bushe a hankali bayan shekara biyu ko uku, lokacin da ɗan kwangila ya riga ya tafi. Galibin saiwoyin da itace yake sha da su suna cikin santimita 60 na saman ƙasa, suna kuma bazuwa nesa da gindi. Idan babbar mota ta yi ta taka wurin, ƙasa tana danƙarewa, iska da ruwa su kasa shiga.

Masu aikin kula da itatuwa a Ingila suna da ma'auni mai sauƙi: a auna kaurin gangar itacen a tsayin mita 1.5, a ninka sau 12, wannan shi ne nisan da za a kare daga gindi ta kowane gefe. Mu ma za mu iya yin kusan haka da igiya. A zagaya gangar itacen da igiya daidai ƙirji, a yi alama. Tsawon nan sau huɗu, shi ne nisan da za a ja da'ira a kafa shinge.

A cikin wannan da'ira:

• kada a haƙa rami ko lambatu;
• kada a ajiye mota, ganguna, bulo ko yashi;
• kada a zubar da baƙin mai, ruwan siminti ko ruwan wankin tanka;
• kada a tara ƙasa a gindin itacen;
• kada a hura wuta.

A kafa shingen kafin motar tone ƙasa ta shigo, kada a cire shi sai an gama aiki duka. Inuwar itace tana jawo direbobi da masu sayar da abinci, saboda haka ko bayan gini a ci gaba da lura.

Sabon dashe

Kamfani yakan yi alkawarin dasa itatuwa a madadin waɗanda ya sare. Ranar dashe akan yi taro a ɗauki hoto. Abin da ya fi muhimmanci shi ne nawa ne za su rayu bayan rani biyu.

• A yi dashe bayan damina ta kankama, ƙasa ta jiƙu sosai.
• A kewaye kowane dashe da ƙaya ko kwando saboda awaki.
• A san wanda zai ba su ruwa a rani na farko da na biyu, da wanda zai biya shi.
• A rubuta cikin yarjejeniya cewa duk wanda ya mutu za a maye gurbinsa a damina mai zuwa.

Wajen zaɓen iri, maɗaci da dogon yaro suna jure fari suna ba da inuwa, amma suna bukatar nisa daga katanga da bututu saboda saiwa. Itacen turare yana da mai a ganyensa, yana zubar da ganye da ɓawo masu saurin kama wuta, don haka bai dace da bakin rumbun mai ba. Ciyawar jema tana da saiwa mai zurfi, tana da kyau a bakin magudanar ruwa don riƙe ƙasa, muddin ana yanke ta kafin ta bushe. Kada mu shuka kayan miya ko mu dasa mangwaro da gwaba a inda ruwan rumbun yake malala.

Itace mai ba da gargaɗi

Tankin da ke binne a ƙasa yana iya yoyo shekara da shekaru ba wanda ya gani. Mai yana hana saiwa samun iska, yana kuma ƙona ƙananan saiwoyi. Ga alamun da za mu lura da su:

• ganye yana yin rawaya ko yana zuba a tsakiyar damina;
• rassa suna bushewa daga sama zuwa ƙasa;
• itatuwa iri dabam-dabam suna mutuwa a jere, a gefen da ruwa yake gangarawa;
• ciyawa ta ƙone a wuri guda alhali ta kewaye tana kore;
• ƙasa ta yi baƙi tana warin mai.

Amma mu yi hankali kada mu zargi kowa da gaggawa. Gawo yakan zubar da ganyensa da damina, halinsa ke nan. Kuka takan tsaya tsirara da rani. Gara, fari da yawan ɓare ɓawo don magani su ma suna kashe itace. Mu gwada da itace irinsa da ke nesa da rumbun, mu kuma kira malamin daji ya duba.

Idan mun ga wani abu mai ƙyalli a kan ruwan kududdufi, mu taɓa shi da kara. In ya farfashe gutsi-gutsi bai sake haɗuwa ba, galibi tsatsar ƙasa ce. In ya sake haɗewa yana launi kamar bakan gizo, mai ne.

Dalilin damuwarmu shi ne ruwan sha. A cikin fetur akwai sinadarin benzin, wanda yake jawo sankarar jini. Rahoton Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya a kan ƙasar Ogoni, wanda ya fito a 2011, ya sami rijiyoyi a Nisisioken Ogale da benzin ɗin da ke cikinsu ya ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900. An kuma tarar da tataccen mai mai kaurin santimita 8 yana yawo a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa. Iyalai suna shan wannan ruwa kafin a gano.

Idan rijiya ta fara warin mai, a daina sha da dafa abinci da ruwanta nan take. Kada mu dogara ga tafasawa. Kada kowa ya shiga ciki, kada a leƙa da fitilar kananzir ko ashana.

Yadda za mu shirya sa ido

Wannan aiki ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Mutum huɗu ko biyar sun isa: dattijo wanda ya san tarihin filin, mace daga cikin masu ɗiban ruwa, matashi mai iya rubutu, da wakilin mai unguwa ko dagaci. A haɗa da maƙwabta duka, domin rijiya ɗaya muke sha.

1. A zana taswirar wurin a littafi: katanga, magudanar ruwa, rijiyoyi da kowane babban itace. A ba kowane itace lamba.
2. A zaga sau ɗaya a wata, da kuma bayan kowane ruwan sama mai ƙarfi. A tsaya a waje da katanga, kada a shiga sai da izini.
3. A rubuta kwanan wata da abin da aka gani. In akwai waya mai kyamara, a ɗauki hoto daga wuri ɗaya kowane lokaci, nesa da inda ake warin mai.
4. A watan Oktoba ko Nuwamba, a tabbata an yanke busasshiyar ciyawa an kwashe ta, an kuma share hanyar tare gobara a kewaye. A hana ƙona daji da farautar gafiya da wuta a wannan gefe.
5. A ƙarshen rani, a ƙidaya dashen da ya rayu, a kai wa manajan wurin lissafin a rubuce, a ajiye kofi.

Abin da doka ta tanada

Dokar auna tasirin manyan ayyuka a kan muhalli, mai lamba 86 ta 1992, ta bukaci a yi bincike kafin a fara babban aiki irin wannan, a kuma ba jama'a dama su ga rahoton su faɗi ra'ayinsu. A cikin rahoton akan sami alkawuran kamfani game da itatuwa, magudanar ruwa da gwajin ruwa. Mu nemi ganinsa ta wurin ƙaramar hukuma ko ma'aikatar muhalli ta jiha.

Hukumar NOSDRA, wadda aka kafa a 2006, ita ce mai kula da malalar mai, kuma doka ta ce wanda man ya zube daga wurinsa ya sanar da ita cikin awa 24. Tun daga dokar man fetur ta 2021, hukumar NMDPRA ce take ba rumbunan mai da gidajen mai lasisi. Takarda mai kwanan wata, da hoto, da sa hannun shugabannin gari, ta fi ƙorafin baki nauyi a gaban waɗannan hukumomi. Mu fara da zama da manajan wurin cikin ladabi, gama shi ma asara yake yi idan tanki yana yoyo.

Abu na ƙarshe: idan mai ya zube, kada kowa ya je ɗiba. A Jesse ta jihar Delta a 1998, ɗaruruwan mutane sun ƙone a bakin fasasshen bututu. A Majiya ta jihar Jigawa a Oktoba 2024, fiye da mutum 150 sun mutu a wurin tankar da ta faɗi. Mu janye yara, mu kashe wuta, mu matsa zuwa tudu ta gefen da iska take fitowa.

Tambayoyi don tattaunawa

• Wane wurin ajiyar mai ne ya fi kusa da mu, kuma ina ruwan samansa yake gangarawa?
• Rijiyoyi nawa ne suke wannan gefe, kuma yaushe aka gwada ruwansu?
• Waɗanne tsofaffin itatuwa ne ba za mu yarda mu rasa ba?
• Su wa za mu zaɓa su fara zagayen farko a wannan wata?