Mafarkin Sarkin Masar da Rumbun Manomi

Mutanen ƙasar Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, Musulminsu da Kiristansu, duk sun san labarin Annabi Yusufu. Waɗansu a Suratu Yusuf suka ji shi, waɗansu kuwa a littafin Farawa, sura 37 zuwa 50, cikin Littafi Mai Tsarki wanda aka buga da Hausa a 1932.

Bisa ga Farawa, yana ɗan shekara 17 'yan'uwansa suka sayar da shi ga fatake a bakin azurfa ashirin. Bai tsaya gaban Fir'auna ba sai da ya cika shekara 30. Watau shekara 13 ya yi tsakanin bauta da kurkuku. A can ne ya fassara wa mai shayar da sarki mafarkinsa, mutumin ya koma fada, ya mance da shi har shekara biyu cur.

Sai sarki ya yi mafarki, shanu bakwai ramammu sun cinye bakwai masu ƙiba, zangarniya bakwai busassu sun haɗiye bakwai kyawawa. Masanan Masar suka rasa ta cewa. Aka ɗauko Yusufu, ya ce shekara bakwai ne na ƙoshi, bakwai na yunwa na biye.

To, fassarar kaɗai ba ta cika ciki. Yusufu ya ɗora shawara a kanta, a riƙa karɓar kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona ana tarawa, kuma da jin haka sarki ya danƙa masa ƙasar. Alƙur'ani ya ambaci cewa ya umurce su su bar hatsin cikin zangarniyarsa. Wannan kuwa ba sai an yi wa manomin Kiru bayani ba. Geron da aka jera dami-dami cikin rumbu yakan shekara da shekaru, wanda aka sussuke kuwa ƙwari ba su jinkirta masa.

Ƙasar Kano ta ga nata ramammun shanun. An yi yunwar Kakalaba a 1914, aka yi babban fari a 1973. A zamanin Gwamna Audu Baƙo aka gina madatsar ruwa ta Bagauda, aka kuma gama ta Tiga a 1974, don a tsare ruwan damina saboda rani. Da ruwan Tiga ne manoman Kadawa da Kura suka shiga noman alkama da shinkafa da tumatir a watannin da a da samari kan tafi cin rani.